Masu Cewa Duniya Faifai Ce: Amsoshinsu da Inda Suke Cin Karo da Juna

Ɗan wana ne ya fara shigo mini da maganar cewa duniya faifai ce cikin gida, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke aji biyu a jami'a. Wani yammaci ne na watan azumi, muna zaune a falo, an kamo Makka a talabijin. Ladan ya kira magariba, masu ɗawafi sun zazzauna ana ta miƙa dabino da zamzam. Mu kuwa a Kano agogo ko ƙarfe biyar bai buga ba, rana na nan ƙwal a saman katangar maƙwabta, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Na dube shi na ce, "To ga amsar maganarka ta jiya. In duniya a shimfiɗe take kamar tabarma, ya aka yi rana ta faɗi a can ta bar mu a nan da ƙishirwa?" Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba Baffa, ai wannan ce tambaya mafi sauƙi. Rana ba faɗuwa take yi ba, nisa take yi."

Wannan amsar ce ta sa na shafe makonni ina bibiyar mutanen nan. Abin da na fara ganewa shi ne, duk wanda ya tunkare su da zaton ba su da abin cewa zai sha kunya. Kusan babu tambayar da za ka jefa musu wadda ba a jefa wa magabatansu ba tun shekaru 150 da suka wuce, kuma kowace tambaya da amsarta a aljihu. Sai ka ɗauko amsoshin ka jera su wuri ɗaya ne za ka ga ɓarakar, don wannan na cin wancan.

Kafin gardama, sai an san irin duniyar da suke nufi. Mafi yawansu a yau suna ɗaukar ta kamar faifai. Ƙuryar arewa, wato can ƙarshen arewacin duniya, ita ce tsakiya, nahiyoyi na kewaye da ita, Antaktika kuwa katangar ƙanƙara ce da ta zagaye bakin faifan ta tare teku kada ya zube. Rana da wata ƙanana ne, faɗin kowanne kamar mil 32, suna shawagi a tsayin mil 3,000, suna kewayawa kamar fitilar da aka rataya a igiya: inda haske ya sauka rana ce, inda bai kai ba dare ne. A can sama akwai rufi kamar ƙwaryar da aka kifa, taurari na maƙale a jikinsa. Taswirar da suka fi ɗagawa ita ce wadda wani Ba'amurke, Alexander Gleason, ya buga a 1892, kuma suna jin daɗin nuna cewa tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya irin zanen ne. Gaskiya ne, irinsa ne. Sai dai wannan tsohuwar dabara ce ta masu zanen taswira ta baje ƙwallo a kan takarda, kuma awonta yana yin daidai ne kawai idan daga tsakiya aka fara aunawa. A riƙe wannan, zai dawo.

Mutane da yawa sun ɗauka aƙidar gado ce daga zamanin da ba a san komai ba. Alhali masu ilimi sun san duniya ƙwallo ce tun fiye da shekaru dubu biyu. Aristotle, masanin Girka na dā, ya kafa hujja da inuwar duniya a kan wata lokacin husufi, da kuma taurarin da ake gani a Masar amma ba a ganinsu in an yi arewa. Wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin Girka mai suna Eratosthenes ya lura cewa a ranar da rana ke tsayawa daidai ka a garin Syene, wato Aswan ta yau, sanda tana da 'yar inuwa a Iskandariyya, kusurwar kamar digiri 7, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Da wannan ya lissafa kewayen duniya. Aƙidar faifai ta zamani kuwa a Ingila aka haife ta, a ƙarni na 19, kuma uban gidanta shi ne Samuel Rowbotham, wanda ke rubutu da laƙabin Parallax.

A gabashin Ingila akwai wata magudanar ruwa da aka haƙa miƙe sambal, ana kiranta tsohon kogin Bedford. A 1838 Rowbotham ya shiga cikin ruwan, ya riƙe madubin hangen nesa inci 8 kacal daga saman ruwa, ya sa aka tuƙa kwalekwale mai tuta har nisan mil 6. Ya ce bai daina ganinsa ba. A lissafin da har gobe mabiyansa ke haddacewa, ana ninka mil da kansa sannan a ninka da inci 8, don haka mil 6 zai ba da inci 288, wato ƙafa 24 na gangara. Ina gangarar take? Ya buga wannan a ƙaramar ƙasida a 1849, daga baya ya faɗaɗa ta ta zama littafi, ya kuma yi ta yawon lacca gari-gari, kuma an ce gwanin baki ne da ba a kayar da shi cikin sauƙi a gaban jama'a.

A 1870 wani mabiyinsa, John Hampden, ya sa fam 500 ga duk wanda zai nuna lanƙwasar ruwa. Alfred Russel Wallace ya karɓi tayin, masanin halittun nan da sunansa ke tafiya tare da na Darwin, wanda kuma ya yi aikin safiyo a ƙuruciyarsa. Saboda ya san aikin, bai kwanta a saman ruwa ba. Ya kafa alamu uku a tsayi ɗaya, kamar ƙafa 13 daga ruwa, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya. Da aka leƙa madubi, ta tsakiyar ta fito sama da sauran biyun, wato ruwan yana da doro. Alƙalin wasan ya ba Wallace nasara. Hampden ya ƙi yarda, ya shafe shekaru yana zaginsa a rubuce, har matar Wallace ya aika wa takardar barazana, har gidan yari ya shiga saboda ɓata suna, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Wallace ya ci gardama ya yi asarar kwanciyar hankali, kuma ya yi nadamar shiga lamarin. Duk mai niyyar shiga wannan muhawara a Facebook ya fara karanta labarin bawan Allah nan tukuna.

Me ya sa mutum biyu suka kalli ruwa ɗaya suka ga abu biyu? Iskar da ke daf da ruwa mai sanyi ta fi ta sama kauri, kuma haske yana lanƙwasawa idan ya ratsa iska mai kauri daban-daban, sai ya bi doron ruwan ya kawo maka hoton abin da ya kamata ya ɓuya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana a watan bazara ya ga ƙawalwalniya tana sheƙi a kan kwalta kamar an zuba ruwa, wannan ma iska ce ke wasa da haske. Idan ka kawo wa mai aƙidar faifai wannan bayani, zai ce maka dabarar kare kai ce kawai, duk lokacin da aka ga abin da bai kamata a gani ba sai ku ce haske ya lanƙwasa. To a riƙe wannan ma.

Bayan Rowbotham abin ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu. Wilbur Voliva, shugaban wani garin masu tsananin addini mai suna Zion a jihar Illinois, ya sa ana koyar da shi a makarantun garin, ya kuma sa dala 5,000 ga wanda zai ƙaryata shi. Samuel Shenton ya kafa ƙungiya a Dover a 1956, shekara ɗaya kafin Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, mugun dace ke nan. Charles Johnson ya ja ragamar daga Kalifoniya tun 1972 har rasuwarsa a 2001, lokacin abin ya kusa mutuwa murus. YouTube ce ta tayar da shi daga 2015, da bidiyoyin irin su Mark Sargent da Eric Dubay. A 2017 suka yi babban taro a Raleigh, kuma wata mai bincike daga jami'ar Texas Tech, Asheley Landrum, ta tattauna da mutum 30 cikin masu halartar tarukan nasu: in ban da guda ɗaya, duk sun ce ta YouTube suka shigo. Daga can ne guntattakin bidiyon suka gangaro TikTok da WhatsApp har suka iso wayar ɗan wana.

Mu koma kan faɗuwar rana. Hujjarsu ita ce yadda ido ke ganin abu mai nisa. Ka tsaya a doguwar hanya ka dubi falwayoyin lantarki, na nesa za su yi kamar sun durƙusa ƙasa alhali tsayinsu ɗaya. Haka rana, in ji su, tana yin nisa sai ta yi kamar ta sauka, har ta ɓace. Misalin yana shiga kai, shi ya sa yake kama mutane. Amma falwayar nesa ba durƙusawa kaɗai take yi ba, ƙanƙancewa ma take yi. Rana fa? Lokacin hunturu, in hazo ya sauka, daf da magariba za ka gan ta jajawur kamar faranti, gefenta a fili. Girmanta bai ragu ba. Masu aunawa da na'ura suna samun faɗinta kusan rabin digiri da tsakar rana, kusan rabin digiri da yamma. Kuma ba dusashewa take yi ta zama ɗigo ba, ƙasa ce ke cin ta daga gindi, rabi ya tafi, rabi ya saura, sannan ta nutse. Ga kuma lissafi: abin da ke tsayin mil 3,000, ko ya yi nisan mil 10,000 daga gare ka, yana nan kusan digiri 17 a sama, wato ranar la'asar sakaliya ce. A faifai babu yadda za a yi ta taɓa ƙasa.

Suna da amsa. Sun ce tururin da ke cikin iska yana ƙara mata girma kamar gilashin ƙara gani, haske kuma yana lanƙwasawa ya sa ta yi kamar ta sauka. Lanƙwasar hasken da aka kora ta ƙofa a kogin Bedford ta dawo ta taga, kuma a nan an ɗora mata aikin da ya fi na da nauyi nesa ba kusa ba: sai ta ƙara wa rana girma daidai gwargwadon ƙanƙancewar da ta yi, ba ƙari ba ragi, kullum, a damina da rani, a Sahara da tsakiyar teku.

Akwai wani misali da nake so ƙwarai saboda daga wurin malamai ya fito. A 2011 hukumar addini a Dubai ta ba da fatawa cewa mazauna saman Burj Khalifa, ginin nan mai tsayin mita 828, su jinkirta buɗa baki: waɗanda suka haura hawa na 80 su ƙara minti biyu, na sama da hawa na 150 su ƙara uku, domin suna ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga na ƙasa. Idan rana nisa take yi a tsayin mil 3,000, hawan da bai kai kilomita ɗaya ba me zai canza? Amma idan doron ƙasa ne ke tare ta, sai ka hau ka leƙo ta bayan doron. A cikin Najeriya ma, ɗan Maiduguri na riga ɗan Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa, kuma jadawalin lokutan sallah da ke manne a bangon masallatanmu da lissafin ƙwallo mai juyawa ake fitar da shi.

Maganar jirgin ruwa ba ta buƙatar dogon bayani. An ce musu jirgi na ɓacewa ne daga gindi, sai suka sayi kyamarori masu dogon zuƙowa irin Nikon P900, suna nuna jirgin da ido ya daina gani ya dawo. Jirgin da ya ɓace don ƙanƙanta dole ya dawo. Wanda ruwa ya riga ya rufe gindinsa kuwa, ko ka zuƙo har batir ya mutu, saman kawai za ka gani, sai dai ya ƙara girma. Bidiyon yakan ƙare kafin a kai nan. Na Eratosthenes ma suna da amsa mai wayo, kuma dole a ba su ita: in rana ƙarama ce kuma tana kusa, sanda biyu a fili shimfiɗaɗɗe ma za su ba da inuwa daban-daban. Haka ne, in sanda biyu ne. Ƙara ta uku da ta huɗu a garuruwa masu nisa, sai kowane biyu su ba ka tsayin rana daban, wani ya ce mil kaza, wani ya ce rabinsa. A kan ƙwallo da rana mai nisa kuwa duk lambobin sukan haɗu wuri ɗaya.

Sai batun da suka fi so: ruwa ba ya lanƙwasa, kullum kwanciya yake nema. Masana kimiyya sun ce ai "ƙasa" tana nufin wajen tsakiyar duniya ne, kuma ƙarfin janyowa ne ke riƙe teku a jikin ƙwallon. Don haka dole masu faifai su musanta wannan ƙarfi, kuma a nan suka rabu gida biyu. Wasu sun ce faifan ne ke tashi sama, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a kowace daƙiƙa, shi ya sa muke jin nauyi. Mafi yawa a yau sun watsar da wannan, sun ce abu mai nauyi ne kawai ke nitsewa cikin abin da ya fi shi sauƙi, dutse ya fi iska kauri sai ya faɗo. Tambayar da ba ta samun amsa ita ce, me ya sa ƙasa yake yi? Iskar da ke saman dutsen ma ai ta fi ta ƙasansa sauƙi, me ya hana shi tashi ko yin gefe? Sannan nauyi ba ɗaya ba ne a ko'ina. A layin ikwaita awon janyowar 9.78 ne, a ƙuryoyin duniya 9.83. Buhun masara mai kilo 100, in ka ɗora shi a sikelin sifirin a wuraren biyu, za ka ga bambancin kusan rabin kilo. Faifan da sashensa ke tashi da sauri fiye da wani sashe da tuni ya tarwatse. Tun 1798 kuma wani masanin Ingila, Henry Cavendish, ya auna yadda dunƙulen dalma ke jan ɗan'uwansa a cikin ɗaki, a gefe, inda maganar nitsewa ba ta taso ba, kuma ɗaliban jami'a na maimaita gwajin har yau.

"To in tana juyawa da gudun kilomita 1,670 a awa, me ya sa ba ma ji?" Duk alhajin da aka miƙa wa shayi a jirgin Jidda, jirgi na gudun kusan kilomita 900 a awa shayin kuma bai ko motsa ba, ya san jiki ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Juyi ɗaya ne a awa 24, rabin saurin gajeren hannun agogo. Abin dariyar shi ne su da kansu suka auna. A wani fim na binciken gaskiya mai suna Behind the Curve da ya fito a 2018, an ga ɗaya daga cikin jagororinsu, Bob Knodel, yana bayanin yadda suka samo na'urar auna juyawa ta dala 20,000 don su nuna duniya a tsaye take cak. Na'urar ta nuna juyin digiri 15 a kowace awa. Ninka da 24, ka samu 360. Maimakon su karɓa, sai suka ce wataƙila wani ƙarfi daga sama ne ke taɓa na'urar, suka shiga neman akwatin da zai kare ta.

Inda faifan ke karyewa gaba ɗaya shi ne kudancin duniya, kuma ina ganin ba banza ba ne aka ƙirƙiro shi a Ingila aka rene shi a Amurka, inda ɓarakar ba ta fitowa sosai. A taswirar Gleason, duk abin da ke kudu da ikwaita an miƙe shi ya yi faɗin da ba nasa ba. Daga Santiago ta Chile zuwa Sydney ta Ostareliya kusan kilomita 11,300 ne, kuma jiragen fasinja na yin tafiyar kai tsaye cikin awa 12 zuwa 15. A kan faifai garuruwan biyu kusan suna kallon juna ne daga ɓangarori biyu na tsakiya, tazararsu ta haura kilomita 25,000, sai jirgin ya ratsa ta saman Amurka ta Arewa da gudun da ya wuce na sauti. Amsarsu kala-kala ce. Wasu sun ce jiragen na bogi ne, ana sa su a jadawali amma ba sa tashi. Wasu sun ce wata iska ce mai ƙarfi ke tura su, sai dai ba su faɗi yadda take tura su zuwa da dawowa ba. Masu gaskiya a cikinsu sukan ce taswirar Gleason ba ita ce ta ƙarshe ba, har yanzu ba a zana sahihiyar ba. Shekara fiye da 180 ke nan tun kwalekwalen Bedford.

Taurari ma sun ƙi ba da haɗin kai. Tauraron arewa yana tsayin kusan digiri 12 a Kano, 17 a Agadas, ƙasa da 7 a Legas, daidai da matsayin kowane gari daga ikwaita, in ka nausa kudu kuma sai ya nutse. A can mutumin Afirka ta Kudu da na Ostareliya da na Ajantina duk suna juyawa kudu su ga taurari iri ɗaya suna kewaya wani ɗigo guda. A faifai kuwa "kudu" na nufin wajen baki, don haka mutanen nan uku kowa ya ba ɗan'uwansa baya ne, yana kallon wani ɓangare daban na rufin.

Shekara da shekaru manyansu suna cewa ranar da ba ta faɗuwa awa 24 a Antaktika ƙarya ce, domin a taswirarsu ba za ta yiwu ba: a watan Disamba rana na kewaya zoben waje ne, dole ta zo ta wuce ta bar ka cikin duhu. Sun kuma ce yarjejeniyar Antaktika ta 1959 an ƙulla ta ne don a hana kowa zuwa ya ga katangar, duk da cewa Roald Amundsen ya isa ƙuryar kudu tun Disamba 1911, kuma an ratsa nahiyar daga gaɓa zuwa gaɓa a 1958. Sai wani fasto daga Colorado, Will Duffy, ya shirya tafiya a Disamba 2024, ya kwashi wasu daga ɓangarorin biyu zuwa sansanin Union Glacier. Suka kafa kyamara kai tsaye, tsakar dare ya yi, rana na sama tana kewaya su. Jeran Campanella, wanda ya shafe shekaru yana yaɗa aƙidar, ya fito gaban kyamara ya ce ya yi kuskure a kan wannan. Abin da ya biyo baya ne ya fi ba ni darasi. A gida, wasu suka ce a ɗakin ɗaukar fim aka shirya komai, wasu suka ce an saye shi, wasu kuma suka ce ai dama rana ta awa 24 ba ta tabbatar da ƙwallo, alhali jiya-jiya su ne ke cewa ba za a taɓa ganinta ba.

Wannan ita ce mafakar ƙarshe: maƙarƙashiya. Hotuna duk na kwamfuta ne, NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ce ke haɗawa. Akwai ƙamshin gaskiya da suke riƙewa, domin shahararren hoton duniya na 2002 haɗe-haɗe ne na hotuna da yawa, kuma NASA ba ta ɓoye hakan ba. Amma wanda 'yan sama jannatin kumbon Apollo 17 suka ɗauka ranar 7 ga Disamba 1972 ɗauka ɗaya ce, kuma tauraron Himawari na Japan yana turo hoton fuskar duniya cikakkiya kowane minti goma. Sai an yarda cewa Amurka da Rasha da China da Indiya, waɗanda wasunsu ba sa ga maciji da juna, sun haɗa baki a kan ƙarya ɗaya, tare da duk matuƙan jiragen sama da na ruwa, da Yarima Sultan bin Salman da ya je sararin samaniya a 1985, har da Najeriya da aka harba mata NigeriaSat-1 a 2003. Ni dai hujjata ta fi kusa da haka. Na tsaya na kalli mai ɗaura mana dish a kan rufin kwano, yana juya farantin a hankali kamar mai zare ƙaya, ƙaninsa a ƙasa yana kallon talabijin yana ihu, "Dawo kaɗan! Ya wuce! Tsaya nan!" Kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba sai hoto ya ɗauke. Farantin da ke neman tauraron ɗan'adam na Arabsat a Kano da wanda ke nemansa a Alƙahira kowanne da kusurwarsa, kuma in ka ja layukan suna haɗuwa ne a wuri ɗaya, kilomita 35,786 a saman ikwaita. Sun ce balan-balan ne. Wane irin balan-balan ne zai tsaya cak shekara da shekaru iska ba ta gusar da shi ba?

A wurinmu abin yakan sa rigar addini, shi ya sa yake da wuyar taɓawa. Ana kawo ayar Suratul Gashiya mai cewa a dubi ƙasa yadda aka shimfiɗa ta, kuma gaskiya ne Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu duk azumi, ya ce zahirin ayar shimfiɗa ne, saɓanin maganar masana falaki. Amma a wurin ya ƙara da cewa maganar tasu ba ta rushe wani rukuni na shari'a ba. Fakhruddin Ar-Razi ya ce ƙwallo in ta yi girma matuƙa, kowane yanki nata shimfiɗa ne ga wanda ke kai. Ibn Hazm na Andalus ya kafa hujjar dunƙulewarta da ayar Suratuz Zumar mai maganar naɗa dare a kan yini, kalmar da ake amfani da ita wajen naɗin rawani. Ibn Taimiyya ya naƙalto ijma'i a kan haka. Halifa Ma'amun ya tura masana filin Sinjar wajen shekara ta 830 su auno tsawon digiri ɗaya na doron ƙasa, Al-Biruni kuma ya hau dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya lissafa girman duniya daga kusurwar da sama ke haɗuwa da ƙasa. Faifan da matasanmu ke karewa da sunan kishin Musulunci kuwa, da katangar ƙanƙararsa da rana mai mil 32, kayan su Rowbotham da Voliva ne, waɗanda suka gina shi a kan tasu fassarar Baibul.

Ba na raina ɗan wana, kuma ba na ganin jahilci ne ya kai shi. Taken mutanen nan tun zamanin Rowbotham shi ne kada ka yarda sai ka gani da idonka, kuma wannan magana na da daɗi a kunnen yaron da ya tashi yana haddace abin da aka rubuta a allo ba tare da an taɓa nuna masa dalili ba, a ƙasar da manya suka sha yi masa alƙawarin ƙarya. Ido kuma yana tare da su a matakin farko, don ko daga tagar jirgi a tsayin kilomita 11 da ƙyar za ka ga lanƙwasa. In duniya ƙwallon ƙafa ce, jirgin bai ɗaga daga jikinta fiye da kaurin takarda biyu ba.

A ƙarshe na kawo masa husufi. Na tuna masa labarin ranar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin yana goye ko ma ba a haife shi ba, da inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Benin ta shigo Najeriya, Gusau da Katsina suka yi duhu da hantsi, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya, duk a kan hanyar da aka zana tun shekaru kafin ranar. Ya ce, "Baffa, ai mutanen Babila ma suna lissafin husufi, kuma ba su ce ƙwallo ba ce." Ya yi gaskiya, sun gano cewa husufi na maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 11 da 'yan awoyi. Na ce masa wannan zagaye zai gaya maka lokaci, amma ba zai gaya maka wane gari zai yi duhu wane ne zai tsira ba, balle minti nawa. Masu ƙwallo sun riga sun ce ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 inuwar za ta bi ta kudancin Sifen da arewacin Afirka, ta yi fiye da minti shida kusa da Luxor, ta tsallaka Jidda da Makka da rana tsaka. Na ce ya nemo mini mai faifai ɗaya da ya fitar da wannan hanya daga taswirarsa, ba kwafa ya yi daga wurin waɗanda yake ƙaryatawa ba.

Ya yi shiru, ya ciro waya ya rubuta ranar. Ya ce zai tambaya a gurup ɗinsu. Har yanzu bai dawo mini da amsa ba, amma makon jiya ya turo mini sabon bidiyo, na wani jirgin ruwa da aka zuƙo da kyamara.